Likkafanin Goggo a Motar Lantarki

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da wani abokina, da 'yar jaka a kan cinyata. Likkafanin Goggo ne a ciki, ƙanwar mahaifinmu da ta raine ni. Daga Makka ta zo da shi, ta jiƙa shi da ruwan Zamzam ta shanya, ta ba ni ajiya saboda gara ta addabi ɗakinta. Ba sau ɗaya ba ta ce mini, “Idan ranar ta zo, da wannan za a rufe ni, kar a sayo mini na kasuwa.” To, ranar ta zo. Yayana ya bugo daga ƙauyenmu, can gaba da Dayi, ya ce za su jira ni har a idar da Azahar.

Tawa motar, irin mai haɗa fetur da batir, ta kwana biyu a gareji. Babban batirinta ya mutu, duk bakaniken da ya leƙa sai ya girgiza kai ya ce sai an yi oda daga waje. Shi ya sa da abokin nan ya ce mu tafi a sabuwar motarsa mai lantarki zalla na yi ta godiya. Sai da muka hau hanya ya shaida mini an ɗauke wuta jiya tun farkon dare, cajin bai cika ba. Amma wai za ta kai mu.

Daɗi kam akwai shi. Ba ƙara, ba warin mai, muna wuce gidajen mai ko kallonsu ba ma yi. A Zariya aka fara tare mu. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a danginmu ya san mai mota ba ya wuce ɗan'uwa a hanya. Tsofaffi biyu suka shiga da ƙullin kayansu. A Funtua wasu uku na jira, da buhun shinkafar da za a dafa wa masu gaisuwa, da tabarmi. Wa zai buɗe baki ya ce wa matar kawunsa ba wuri? Muka matsu kamar kaji a kwando. Mai motar kuwa, na lura idonsa na kan lambar da ke nuna sauran tafiya, ita kuma tana zubewa. Ya kashe na'urar sanyi, ya ce iskar Allah ta fi lafiya.

Muka zaga Funtua muna neman wurin caji. Wani ya nuna mana shagon cajin waya, da zuciya ɗaya kuwa. A ƙarshe wani mai walda ya yarda muka jona a janaretansa. Tsofaffi suka samu koko da ƙosai, suna mitar yadda ƙosan ya ƙanƙance. Ni ko ruwa na kasa sha. Hantsi ya yi, muka duba, abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba. Na ce bari in nemi motar haya, mai motar ya rantse wannan ɗin zai kai mu Malumfashi, daga can komai mai sauƙi ne.

Bayan mun wuce Bakori hoton kunkuru, alamar caji ya kusa ƙarewa, ya fito a gaban direba. Motar ta koma tafiyar kunkurun, har mai keke ya wuce mu, sannan ta tsaya cik. Dama da hagu masara ce ta fi mutum tsawo, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Wani ɗan bumburutu ya taho da galan ɗinsa a guje, ya zagaya motar yana neman bakin tanki, ya rasa. Manoma suka fito daga gona suka ce a tura ta tashi. Allah sarki, ba irin wadda ake turawa ba ce.

A wannan zamani ba kowa ke tsayawa don ya ga mutane a bakin gonar masara suna ɗaga hannu ba. Ban ga laifin kowa ba, ni ma da ni ne zan taka in wuce. Bas-bas kuma a cike suke da 'yan kasuwa. Waya ba sabis. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan sauke wa, na dinga kai da kawo a kan kwalta da jaka a ƙirji. Da ƙyar wani mai babur ya ɗauke ni. Kafin Malumfashi ruwa ya sauko, na cusa jakar cikin riga. Daga Dayi muka bar kwalta, muka shiga taɓo, wani wurin sai na sauka na taka da ƙafa.

Ina shiga gari na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, da fatanya a kafaɗa. Yayana ya riƙe hannuna. “Mun jira ka, wallahi. Hadari ya taso, liman ya ce in muka ƙara, kabarin zai cika da ruwa. Mun aika Malumfashi an yanko yadi.” Na ce ba komai, na zauna a nan bakin hanya.

Sauran suka iso da yamma a motar haya. Ita kuwa mai lantarkin, sai da aka samo babbar mota aka ɗora ta aka mai da ta Kaduna. Bayan addu'ar uku na dawo gida a bas mai hayaƙi da ƙofa ɗaure da igiya, ba ta tsaya ko'ina ba sai don sallah.

Ban ce motar lantarki ba ta da amfani ba. Mai gida da sola, wanda tafiyarsa daga gida ce zuwa ofis, ya saya ya huta da layin mai. Amma lissafinta na mutum ɗaya ne da jakarsa, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Mu tafiyarmu ba ta ba da sanarwa, kuma ba mu tafiya mu kaɗai.

Na so in bar likkafanin a can, wani kawunmu ya hana. Ya ce in koma da shi, mai shi na nan a cikinmu. Yana cikin akwatina yanzu, a inda ya saba zama.