Saukar Inna a Gaban Malama Mai Tabarma

Azare

Ladan bai kira assalatu ba Inna ta fara bubbuga mini ƙofa. Na kwana a wajenta ne don mu yi sammako, ban san nata sammakon ya riga na zakara ba. Ina buɗewa na gan ta tsaf: sabon hijabi, tabarau a hanci, allonta a naɗe cikin zane ta rungume.

"Auta, barcin me kike yi? Mota jiran ki za ta yi?"

"Haba Inna, direban ma bai yi alwala ba."

Ga dalilin tafiyar. Innata ta haura shekara sittin, kuma bana ta sauke izu sittin a makarantar matan aure ta unguwarmu. Aka sa ranar walima, ta kafe ta ce ba za ta zauna ba sai ta je Wudil ta biya allon saukarta a gaban matar da ta fara nuna mata baƙi. Tana amarya ne, lokacin da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake fataucin fata a can, wata malama ta riƙa shiga gidansu, inda kakarmu ma take zaune, tana koya mata karatu. Ba a jima ba suka dawo Azare. Haihuwa, raino, daka da girki suka danne karatun, ba ta koma ba sai da ta aurar da ni. Ba mu da lambar malamar, labari kawai muka ji cewa tana raye amma ta tsufa ƙwarai. Tsoron Inna ɗaya ne: kada ɗayarsu ta bar duniya ba ta biya mata ba.

Da muka yi salla muka nufi tasha. Inna ta ce ita gaba za ta zauna, allonta ba zai shiga but tare da buhunan mutane ba.

"Hajiya, madubi ne a zanen nan?" in ji direba.

"Allo ne."

"Na jikanki?"

"Nawa ne. Sauka na yi."

Bawan Allah ya kashe waƙar da ya kunna, ya juyo ya sanar da mota kaf. Barka ta ko'ina. Inna tana ta sunkuyar da kai wai ita kunya, amma ina hango haƙoranta a madubin gefe.

Shuwarin

Mun wuce Jama'are gari yana wayewa, gero da dawa sun yi tsayi dama da hagu, damina ta yi albarka. A Shuwarin muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi, mai ƙosan har da gyara ta yi mana.

Gaba kaɗan akwai shingen jami'an tsaro. Direban nan mai bakin ganga ya gaya wa wanda ya leƙo cewa yau mai sauka ya ɗauko. Jami'in ya rusuna ya ce, "Mama, a sa mana albarka." Wayyo, bai san wadda ya taɓo ba! Inna ta ɗaga hannu ta fara da shi, ta koma kan iyayensa, matarsa, 'ya'yan da bai haifa ba. Motoci suka jeru a bayanmu suna oda, shi kuwa yana ta amin, ya rasa yadda zai yi ya tsayar da ita. Sai da na taɓa kafaɗarta sannan ta shafa.

Wudil

Da hantsi muka shiga Wudil, kuma ranar Juma'a ce, ranar kasuwa. Tireloli cike da shanu, masu tukwane, masu kifi, ga ɗaliban jami'a da jakunkuna a baya suna ratsawa tsakaninsu. Inna ta ce ta san hanya, in biyo ta. Muka bi wani lungu tana neman tsamiyar da ake karya kwana a gindinta, muka tarar da shagon cajin waya. Muka bi wani, ya fito da mu inda muka fara. Rana ta fara cizo, raina ya fara ɓaci.

"Inna, garin da kika sani an yi masa gini a ka. Bari in yi tambaya."

Mai adaidaita na farko da na tsayar, ina cewa Malama Mai Tabarma ya ce, "Ku hau. Ai uwata ma ɗalibarta ce."

Gida ne na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, zaurensa fes. Wadda ta tarbe mu surukar Malama ce, matar ɗanta, ana ce mata Anti Saude. Bayan gaisuwa ta kai ta kawo, an tambayi gajiya, an tambayi mutanen Azare da ruwan sama, ta ce, "Ayya, da kun zo jiya. Mama ta tafi Utai, ana raba gonar wasu marayu, ta je ta zauna a gefen uwarsu."

Ta ajiye mana shinkafa da wake da soyayyen kifi, muna ci tana ba mu labari. Malama 'yar malami ce, ta yi karatu a zauren mahaifinta, ta kuma yi makarantar horon malamai har ta koyar a firamare. Idan ta tashi daga aji sai ta ɗauki tabarmarta ta bi gidajen matan aure. Da nata take zuwa don kada a ce ta ɗora wa kowa nauyi, daga nan sunan ya bi ta. Maza da yawa sun hana. Ba ta taɓa musu da su ba. Sai ta wuce ɗakin uwar miji, ta taya ta ɓarar gyaɗa, ta gyara mata karatun salla. In tsohuwa ta ji daɗi, ita da kanta take kiran ɗanta ta ce a bar yarinyar nan ta yi karatu. Wa zai ja da uwarsa?

"Haka ta yi wa kakarku!" Inna ta faɗa tana tafa hannu. "Wallahi haka ta yi mata!"

Anti Saude ta ce daga karatu abin ya faɗaɗa. Ita ta dinga raka masu ciki awo asibiti lokacin da ake ganin abin kunya ne, ita ta sa unguwanni suka rage kayan gara da ke karya iyayen amarya, ita ta koya wa mata su san rabonsu na gado su kuma buɗe baki su nema. Na ce a kira ta a waya mana. Ta yi dariya ta nuna mini wayar a kan taga. Malama ta ce abin yana katse mata magana.

Utai

Bayan an sauko daga masallaci muka sami wata motar 'yan kasuwa mai komawa Utai. Ni da akuya muka raba wuri, duk inda aka faɗa rami sai ta dube ni kamar ni na haƙa shi.

Mun isa bayan la'asar, muka tarar an gama rabo lafiya, Malama kuma ta wuce Lajawa, tana da ajin Asabar da safe. Na ce, "Oh ni! Wannan tsohuwa ƙafar mota gare ta?" Wadda ta sauke mu, Malama Ladi, tsohuwar ɗalibarta ce da ke riƙe da ajin matan garin. Ta rantse ba inda za mu sai mun kwana. Ta dama mana fura da nono mai kauri, ta ɗora tuwon dawa miyar kuɓewa ɗanya.

Ana cikin hira ta dubi Inna ta ce, "To Inna, wa kika koya wa?"

"Kamar yaya?"

"Au, ba ku sani ba? Ai Malama ba ta sauraron saukar mace sai ta gaya mata wadda ta koya wa, ko da baƙi ɗaya ne. Da haka karatun ya cika ƙauyukan nan, ita kaɗai ina za ta iya?"

Inna ta ajiye ludayi. Ba ta taɓa koya wa kowa ba. Kullum cewa take ita wace ce, ita da ta koma makaranta da furfura. Sai ta ce, "Auta, gobe mu koma gida."

Kai, abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi. Na ce, "Inna, bayan wahalar akuyar da na sha? Ki ce kin koya mini mana, ni zan ba da shaida."

"Ke! Da allon sauka a hannuna zan yi wa malamata ƙarya? Allah Ya shirye ki."

"To in ba za ki yi ƙarya ba, je ki faɗi gaskiya. Ko ba ta saurare ki ba, kin gan ta."

Ta juya ta kwanta. Amma da safe ta riga ni ɗaura hijabi.

Lajawa

Babura biyu Malama Ladi ta samo mana, don ruwa ya ɓata hanyar da ta ce ta fi kusa. Inna ta hau a karkace, hannu ɗaya a allo, ɗaya ta damƙe rigar ɗan acaba har yana cewa, "Mama, numfashi nake so in yi." Muka ratsa gonaki, raɓa tana jiƙa mana ƙafa.

Tun daga waje muka ji muryoyin mata. A tsakar wani gida, ƙarƙashin darbejiya, mata sun cika, masu goyo da masu jika. A tsakiyarsu wata 'yar tsohuwa ƙarama, siririya, a kan tabarmar kaba da gefenta ya zare. Na ɗauka zan ga mace mai cika wuri. Sai da ta yi magana na gane, muryarta tar kamar ta budurwa.

Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi sunanta Habi, sunan Baba, da gidan da suka zauna. Malama ta kama fuskarta ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, ba zan ruɗe ki ba, ban tuna ki ba. Gidajen sun yi yawa."

Amma Inna ta ce, "Ba komai, Malama. Ni ban manta ki ba ko na rana ɗaya." Ta kwance zane ta fito da allon, zayyanarsa tana ƙyalli. Mata suka ɗau kabbara.

"Masha Allah. To wa kika koya wa?"

"Ban koya wa kowa ba, Malama."

"Me ya hana?"

"Gani nake ban isa ba."

Malama ta yi murmushi, ta waiga ta ƙwala kira, "Iya Tabawa!" A bakin rumbu wata tsohuwa tana zaune tana tsinkar zogale. Ashe ita ce mai gidan, kullum a gabanta ake karatu, amma ta ƙi zama a aji.

"Malama, na gaya miki kaina ya bushe," in ji ta. "In zauna jikokina su yi mini dariya?"

"Ni na gaza da ke. Ga sa'arki na kawo miki." Ta miƙa wa Inna wani ƙaramin allo. "Tashi ki je."

Inna ta tashi kamar wadda za a yi wa allura. Ta zauna kusa da Iya Tabawa, ta sa hannu a zogalen, suka tsinka tare. Ina jin ta tana cewa, "Ni da kike gani, ranar da na koma aji jikata ce ta riƙe mini jaka. An yi dariyar, ban mutu ba." Iya Tabawa ta tuntsire da dariya. Can sai ga kawuna biyu masu furfura a kan allo ɗaya, Inna tana nunawa da tsinke tana faɗa, Iya tana maimaitawa a hankali, tana satar kallon ko ana ganin ta. Duk matan suka yi kamar ba su gani ba. Kafin rana ta take, Iya Tabawa ta riƙe baƙaƙe uku, tana nuna su da kanta ba a taya ta ba.

Malama ta buga tabarmarta da tafin hannu. "Zo nan, Malama Habi. Biya mini."

Ban taɓa jin an kira uwata malama ba. Ta zauna gwiwa da gwiwa da tsohuwar, ta gyara tabarau, ta fara. Farko muryar tana karkarwa, daga baya ta miƙe. Malama ta lumshe ido tana bi da leɓe. Ni dai kuka nake yi wiwi, ba kunya, wata mai goyo tana ba ni haƙuri tana share nata. Da ta kai aya ta ƙarshe Malama ta dafa kanta ta yi addu'a, guɗa ta tashi har kaji suka watse.

Aka kawo dambun zogale muka ci. Na ce to, mu kama hanya kada mu rasa mota. Sai Iya Tabawa ta riƙe gefen hijabin Inna.

"Au, tafiya za ki yi? Ki ɗora ni ki gudu? Ni ba wadda za ta koya mini a cikin yaran nan."

Inna ta dubi Malama. Malama ta ce, "Akwai wuri a ɗakin Iya. Juma'a mai zuwa in an tashi kasuwa ni zan sa ki a mota da kaina."

"Inna, magungunanki fa?"

"Suna jaka."

"Walima fa?"

"Da saura. Ke Auta, kama hanya, kina ɓata mana lokaci."

Gida

Haka na hau babur ni kaɗai zuwa titi, na sami mota zuwa Wudil, daga nan ta Azare. Na sayi busasshen kifi tsaraba, na yi barci har Jama'are. Na iso ana kiran magariba. Alhamdu lillahi da Ya kai mu lafiya, Ya dawo da ni lafiya. Allah Ya saka wa Anti Saude da Malama Ladi da mutanen Lajawa, Ya ƙara wa Malama lafiya da nisan kwana.

Babban yayanmu, wanda Inna take zaune a gidansa, yana ƙofar gida yana alwala. Ya dubi bayana, ya leƙa cikin adaidaitar da ta sauke ni, ya sake duba na.

"Ke, ina Inna?"

Na ce, "Yaya, sai dai ka yi haƙuri. Tana can tana koyarwa."