Garin Da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Daga Kalgo zuwa Kano

Na bar Kalgo bayan sahur, cikin azumin da ya faɗo a tsakiyar bazara, ga zafi, ga hadari na ta alkawari bai cikawa. A Gwandu na ɗauki Malam Bawa, mutumin Kambaza, na gaba da ni a wurin aikinmu na kula da masunta. Mu biyu aka tura ƙasar Norway mu ga yadda suke busar da kifi. Matarsa Inna Hajo ta jawo ni gefe ta ce, “Umaru, ka san gyambon cikinai, ka san taurin kainai. Amana na ba ka.” Na amsa da sauri, don ban san abin da na ɗauka ba.

Fijo ta kai mu Sakkwato da hantsi, wata ta sauke mu Kano bayan isha'i. Shingen 'yan sanda kuwa har na daina ƙirgawa. Na ce wa Malam matafiyi yana da rangwame. Ya ce, “Tun da nib balaga ban taɓa shan azumi ba. Ba ni farawa cikin jirgi.”

Tromso

Jirgi uku muka canza kafin mu isa wannan gari na ƙarshen arewa. Su ma lokacin sauyin yanayinsu ne. Ƙanƙara na narkewa, ruwa na tsiyaya daga kowane rufi, hanya duk caɓi, itatuwa sun fara toho. Mutanen garin sai murna suke, suna shanya fuska a rana kamar ƙadangaru. Mai masaukinmu, wata dattijuwa, ta nuna mana labule mai kauri ta ce za mu buƙace shi. Malam ya yi dariya.

Kwanakin farko rana kan faɗi wajen sha ɗayan dare, kafin ka gama cin dankali da kifi gari ya waye. Ni dai na ajiye azumi, na ce na rama a gida. Malam ya harare ni, ya ci gaba. Shi a wurinsa agogo na ma'aikata ne. A Kambaza sai an ga rana ta faɗi da ido ake shan ruwa. Kullum daren na ƙara gajarta, shi kuma yana ƙara ramewa.

Ran nan ya zauna bakin taga da dabino a hannu. Rana ta gangaro, ta gangaro, ta tsaya daf da ruwan teku. Sai ta fara hawa.

“Umaru, mi nika gani?”

“Malam, ba za ta faɗi ba. Matar nan ta ce sai bayan wata biyu.”

“To sai in jira ta.”

Ya miƙe zai yi alwala, ya dafe ciki, ya zube. Leɓensa ya bushe, gumi na keto masa cikin sanyin nan. Na kai masa kofi baki, ya datse haƙora. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni. A raina na hango kaina a ƙofar gidan Inna Hajo da jakarsa kawai.

Na ce, “Malam, a wane gari ka ga watan nan?”

“Kambaza.”

“To ranar Kambaza ta faɗi tun ɗazu. Inna ta sha kunu, an yi asham, an watse. Kai kaɗai ka rage a gidanku ba ka sha ruwa ba.”

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, “Hajo ta sha?” Ya buɗe baki. Kwana biyu ya yi a asibiti, likita ya hana shi azumi, wannan karon bai yi gardama ba.

Komawa gida

Mun shigo Gwandu bayan sallah, an yi ruwan shuka, ƙasa na ƙamshi. Kusa da Kambaza Malam ya sa direba ya tsaya. Ya fita ya tsaya bakin gona yana kallon yamma, har rana ta nutse bayan ɗorawa, duhu ya rufe. Da ya dawo mota idonsa da hawaye.

“Shekara hamsin tana hwaɗuwa gabana,” in ji shi, “ban taɓa cewa na gode ba.”

Na miƙa wa Inna Hajo amanarta da ƙafafunsa. Alhamdu lillahi.