Rijiyoyin Da Aka Bari A Kan Tudu

Iya marowaciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ko baƙo ne ya yi sallama, rabin kofin ruwa take ba shi, ta tsaya a kansa har ya shanye.

A kan tudu aka haife ta, inda sai an fasa dutse kafin a ga danshi. Can ƙasa kuwa, a bakin kogi, ko tsinke ka soka sai ya tsiro. Mutane suka yi ta gangarawa gida-gida, har garin bakin kogi ya cika ya batse, ana kwana kamar an jera buhuna. Tudu ya koma kangaye. Makaranta ta rufe, mai shago ya kwashe kayansa. Aka bar Iya da awakinta.

'Yarta ta taɓa saukar da ita, amma zaman bai yi nisa ba. Da Iya ta ga ana wanke babur da ruwan sha, sai ta shiga tara ruwan wanke-wanke a bokitai har gidan ya ɗauki wari.

"Iya, don Allah, kina ba mu kunya a gaban maƙwabta," in ji 'yar.

"Kogi ya lalata ku," ta ce, ta ɗaure kayanta.

Ta san rijiyar da ba a ja mutuwa take yi, idon ruwanta ya toshe. Don haka kullum da safe take ɗaukar guga ta bi gidajen da aka bari, ta ja a kowace rijiya, ta ba awaki, sauran ta zuba wa bishiyoyin masu gidan. Ba ta jin motsin kowa sai na igiya a bakin rijiya.

Daga baya kafaɗarta ta ƙi. Direban da ke kawo mata saƙon 'yarta ya tarar da ita zaune a tsohon gidan tela, guga na lilo a cikin rijiya.

"Iya, shiga mota mu tafi. Wa zai dawo nan?"

"Kai dai ka iya surutu. Ja mini wannan."

Ya ja. Laka ce ta fito, ruwan kaɗan. Ta daɗe tana kallon gugan.

"In ka sauka," ta ce, "ka gaya musu duk wanda zai hau duba kabarin ubansa, ya zo da igiya, ya ja ko guga ɗaya a rijiyar gidansu. Ni hannuna ya ƙare."