Zakaran da Na Kai wa Mai Wa'azi

Shekarar da layin dogo ya iso Gusau ina cikin leburori masu ɗaukar ƙasa. Tun muna aiki a Tsafe na karɓi bangaskiyar Almasihu, amma in faɗi gaskiya rabin zuciyata na gida. Mu Maguzawa ne daga wani ƙauye a ƙasar Bungudu. Duk gabanin damina mahaifina yakan yanka jan zakara a bakin gona, ya sabunta alkawarinsa da iskokin gidanmu. A waccan shekarar ya aiko cewa hannunsa ya soma rawa, ni babban ɗa ni zan riƙe wuƙa.

Ran Lahadi muka taru a rumfar zana. Mai wa'azinmu, wani dattijo siriri mai yawan tari, ya ce alkawarin mutum da Allah in ya yi sanyi sai a sabunta shi. Na ji daɗi, don sabunta alkawari ai gadon gidanmu ne. Washegari na sayi zakara a kasuwa, na kai masa ina ta jin kai.

Ya ce, "Na mene ne wannan?"

Na ce, "Na yanka, Malam. Kai kac ce a sabunta."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "Jinin da ake bukata an riga an zubar a kan gicciye. Kai ake nema. Me ka hana Allah?"

Kunya ta kama ni, da haushi ma, don zakaran ya yi tsada. Na gaya masa saƙon mahaifina. Bai ce in je ba, bai ce kar in je ba. Muka durƙusa, na sabunta alkawarina da Allah da bakina.

Da ƙafa na tafi gida. A bakin gona, gaban dangi, mahaifina ya miƙo mini wuƙa.

Na ce, "Baba, noma ina yi maka shi har in mutu. Yanka dai ba ni yi."

Sai ya ba ƙanena wuƙar, ya nuna wani fako can gefe. "Tahi ka nome wancan, babu jini. Mu ga wa ka ciyar da kai."

Tsoro na ji ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban san ko hatsi zai tsiro a wurin ba. Na ɗauki fartanya, na juya musu baya, na fara sara.