Tiyon da Zoran bai ɗaure ba

Shekara talatin da ɗaya Zoran ya yi yana gyaran mota a wani ɗan gareji a bayan tashar jirgin ƙasa ta Wollongong, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa yarda da maganar mai mota ba. Yana yaro ya zo daga ƙasar Sabiya, ya yi aiki a masana'antar ƙarfe har ta rage ma'aikata, sannan ya koma kan injin turbo. A garin an san abu biyu game da shi: ba ya dariya, kuma injin da ya taɓa bai taɓa bugawa ba. Da wannan sunan yake ci.

Aikin da aka fi kawo masa shi ne sa na'urar da ke ƙayyade yawan iskar da turbo ke tura wa inji. Yakan saita ta, ya kulle da lambar da shi kaɗai ya sani, don a ganinsa duk mai turbo jira yake a juya baya ya ƙara wuta.

Ranar wata Litinin da hantsi aka jawo motar Tevita a bayan babbar mota. Tevita direban bas ne, ɗan ƙasar Tonga, mai zuwa filin tseren motoci ran Lahadi. Kwana tara da sa masa na'urar.

"Tsoho, aikinka ya cinye min inji," in ji Tevita.

"Aikina ko ƙafarka? Wa ka ba ya buɗe ta?"

"Wa zai buɗe? Ko matarka ba ta san lambar nan ba."

Zoran ya kunna na'urar. Saitinsa na nan a goma sha huɗu, amma ta nuna iskar ta kai ashirin da shida. Ya ɗaga bonet. Siririn tiyon da ke sa a rage iska idan ta yi yawa yana lilo, a cire. Ya san dabarar: 'yan tsere kan zare shi da gangan don mota ta yi tsalle.

"To, ga shi. Ka zare, ka manta ka mayar."

"Ni da ko mai ban iya dubawa ba?" Tevita ya fita waje yana huci, ya kira matarsa a waya.

Zoran ya juya bakin tiyon a tsakanin yatsunsa. Maɗaurin ƙarfe, in ya kama roba ko na kwana ɗaya ne, sai ya bar mata shaida. Wannan sumul yake. Ya sa tabarau, ya kai shi wajen haske, ya sake dubawa. Ba a taɓa ɗaure shi ba.

Babu kowa a garejin. Ya daɗe a tsaye, yana neman yadda laifin zai zama na wani, bai samu ba.

"Tevita, zo ka gani. Ban ɗaure shi ba. Ni zan sake maka injin."

Tevita ya sauke wayar a hankali, ya dubi tiyon, ya dubi tsohon.

"Kai ne ka yi kuskure? Me kake ƙullawa?"

"Miƙo min sifana mai lamba goma. Kuma in za ka ba da labarin a filin tsere, ka ba da shi daidai."