Ranar da Oga Ya Yi Rawa a Katun Ɗin Japan

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya min a sakandare kafin ni da makarantar mu rabu baram-baram. Amma Asabar ɗin da na tara 'yan majalisarmu ta unguwar Kwaciri kallon ƙarshen wani katun ɗin Japan, wannan kam ba zan manta ba, sai dai in canja min kai aka yi.

Ni tun ina ƙarami nake tara kaset-kaset ɗin bidiyo na tsofaffin katun ɗin Japan. Irin na da ɗin nan masu manyan idanu, waɗanda in jarumi zai kai naushi ɗaya, sai ka je ka yi alwala ka dawo bai sauke hannu ba. Wasu da Larabci suke, alhazai suka shigo da su, wasu da Turanci. Da kowa ya koma kallo a waya sai kakata ta yanke saƙa, don zubar da su ake yi. Abokaina suka sa min suna Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

Ni ba na ɗaukar kaset haka kawai. Sai na shinshina shi tukuna, in na ji warin ɗakin da ruwa ya ci, to fumfuna ta kama zaren. Sai in leƙa ta ɗan gilashin in ga ko akwai fari-fari, in girgiza shi a kunne. Na ƙarshe, in duba ɗan ramin da ke gefensa. Kaset na asali ramin a buɗe yake, bidiyo ba ta yarda a ɗauki wani abu a kansa. In ka ga an liƙe ramin da salatif, to an danne abin da ke ciki. Kullum cika baki nake a majalisa cewa ba a haifi kaset ɗin da zai yaudare ni ba.

Akwai wani katun da ya hana mu sakat. Sunansa da rubutun Japan yake, ba mai iya karantawa, shi ya sa ko a waya mun kasa nemo shi. Mu dai Ɗan Makanike muke ce masa. Labarin wani yaro ne mai gyaran jirgin sama, da wani akwalan jirginsa, yana bin tsibirai yana neman ƙanwarsa da guguwa ta raba su. Na haɗa dukkan kaset ɗinsa, ban da na ƙarshe. Shekara da shekaru muna musu, ya same ta ko bai same ta ba? Wasu a cikinmu har sun yi aure, sun haihu, yaron nan bai sauka ba.

Rannan sai Oga ya kira ni. Oga wani dattijon Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Da can shagon hayar kaset ne da shi, yanzu fanka da risho yake sayarwa a bakin kasuwa. Ga sanƙo, ga tumbi, babba ne a cocinsu, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Matarsa kullum tana gefe a kan kujerar roba tana lura da shago, ni dai "Madam, ina wuni" ne tsakanina da ita in wuce.

"Malam Katun, zo ka kwashe tarkacenka kafin in ba 'yan jari-bola," in ji shi.

A ƙasan kwalin na gan shi. Hoton yaron, jirgin, lambar ƙarshe. Na shinshina, lafiya. Na leƙa, tas. Na kalli gefen, na ga baƙi wuluk, na ce rami na nan. Ko babban yatsana ban sa ba, murna ta hana.

Maimakon in je gida in gwada kamar mai hankali, sai na shela. Abokina mai aski ya ba da shagonsa da janareta, bayan azahar aka cika maƙil. Na goge kan bidiyon da farar takarda, na tsaya na yi jawabi a kan yadda ake gane kaset mai kyau. Mai askin ya ce, "Farfesa, don Allah danna mana, fetur ne ke ƙonewa."

Aka fara lafiya lau. Jirgi na hayaƙi, fiffike ɗaya ya karye, ga tsibirin ƙarshe. Yaro ya faɗo bakin ruwa, ya ga wata rumfa, ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa. Kowa ya ƙura ido, wani ma ya bar rabin kansa ba a aske ba. Ƙofa ta fara buɗewa, sai hoto ya yi shaaa, ya yi layi-layi.

Sai ga wani siririn mutum da gashi kamar an kifa masa tukunya, da farar kwat, yana tiƙar rawa a ƙarƙashin rumfar biki, ganga na tashi. Ya durƙusa har ƙasa, ya juya ƙugu, ya taso da jariri a sama.

"Farfesa," in ji mai askin, "ƙanwar ce ta girma haka?"

Shago ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. "Ashe 'yan Japan ma suna kiɗan Sabon Gari!" in ji wani daga baya. Na zaro kaset ɗin, na sa yatsa a gefen. Salatif ne, baƙi, irin na masu haɗa wayar wuta, ya saje da jikin kaset kamar da shi aka ƙera. Sai da na mayar na sake kallon mai rawar sannan na gane hancin. Oga ne.

Ban tsaya ba, na rungumi bidiyon da kaset na tari adaidaita, sai shagon Oga. Mai askin da wasu suka biyo ni, wai ba za a ƙarasa min tsiya babu su ba. Muka ratsa cunkoson mahaɗar Bata, suna ta rera min kiɗan da baki.

Muka jona a wata talabijin ta maƙwabcin Oga. Da hoton ya fito, Madam ta dafe ƙirji ta yi wata ƙara, ta miƙe tsaye. Ashe bikin kai 'yarsu ta fari coci ne. Ranar da mai kyamara ya kawo a kwafa musu, kaset ɗin da ba komai a kai ya ƙare, Oga ya zari na katun ya liƙe ramin, ya manta bai canja takardar jiki ba. Tun daga nan ake nema, ita kuma take masa gori ya ɓatar.

"Kai ne wannan?" ta ce masa, tana dariya tana share hawaye. "Ina ka kai ƙugun nan?"

Oga ya tsuke fuska. "Ku kashe, 'yan cocinmu na wucewa." Ba wanda ya kashe. Maƙwabta suka taru, ranar na ga haƙorinsa, har da wushirya.

Ni dai ina gefe kamar an yi min rasuwa. Madam ta lura. "Kai kuma ɗana, me ya faru?"

Na ce, "Madam, ku kun samu naku. Mu yaronmu yana bakin ƙofa."

"Wane, mai jirgin nan? Ai ni nake duba duk kaset ɗin da 'yan haya suka dawo da shi. Na kalli wannan har na gaji. Ku zauna."

Muka jeru a benci, gardawa da gemu, kamar 'yan firamare. Ta ce da ya buɗe ƙofar, gareji ya tarar. Ƙanwar ta girma, ita ma gyaran jirgi take, jiragen da take haɗawa don ta fita nemansa. Ta kalle shi, ta kalli akwalan jirginsa, maganar farko da ta yi masa ita ce wane sakarai ne ya ɗaure wannan injin. Sannan ta faɗa jikinsa da kuka.

"Ƙarya ne, mutuwa ya yi," in ji Oga.

"Kai da ka danne shi da rawarka za ka gaya min?"

Mai askin, wanda ya fi kowa yi min tsiya, na ga yana goge ido da hula, wai hayaƙin janaretan maƙwabta ne.

Na bar musu kaset ɗin. Har yau gurbinsa na nan a kan kantata, ban kuma taɓa ganin ƙarshen da idona ba. Abin da na koya shi ne, duk zumuɗina sai na sa yatsa na taɓa kafin in tara jama'a. Na kuma daina gaida mutane a tsaye in wuce wajen kwali. Shekara nawa ina shinshina kaset ina neman ƙarshen labari, alhali yana zaune a kan kujerar roba, yana amsa min ina wuni.