Rawanin Malam a Bakin Baho

A gidanmu na Ƙofar Gayan ba a tace kamu da ƙyallen kasuwa. Da rawanin kakanmu Malam ake yi. Bayan rasuwarsa kakata ta riƙa yankan farin rawanin nan tana tata da shi, in wani yanki ya mutu ta yanko wani.

Ni ce mai kama mata gefe ɗaya na ƙyallen. In an dawo da markaɗen gero daga inji, sai ta fara zuba ƙullun a rariya, manyan dusa su tsaya. Sannan mu ɗaure ƙyallen a bakin baho, ta riƙa zuba ruwa tana motsawa da hannu, ba gaggawa. Ba ta yarda a matse da ƙarfi, wai ƙarfi ne ke tura tsaki cikin koko. In na ƙosa na murɗe, sai ta ɗalle mini hannu da ludayi. Ina jin haushi, amma ko yau ban sha koko mai santsin nata ba.

Baba ya sha sayo mata abin tata. Takan ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta ce ramukansa sun yi faɗi, ta ba mu mu goge fitila.

Yanki na ƙarshe ya sha faci har ya gaji. Wata safiya muna cikin tata ya yage ɓarat, dusa ta zube cikin kamun. Kaka ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta wanke hannu ta ce ta gama tata, ta shige ɗaki. Mun san aikin nan ne ke tashinta da safe. Kwanaki tana kwance, ko tsakar gida ba ta leƙowa.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya warware rawaninsa, sabo fil. Ya kama da haƙori ya tsarge shi, ya miƙa mata.

Ta fito a hankali, ta ɗaga shi a rana, ta daɗe tana dubawa.

"Saƙar ba ta kai ta ubanka ba," in ji ta. "Sai an ninka biyu."

Ta juyo ta harare ni, idonta cike da ƙwalla.

"Ke kuma me kike jira? Je ki jiƙa gero."